Jan Biron Kaka Thrasivulos

Sau bakwai na rubuta wasiƙar nan,
sau bakwai Kaka ya maido mini ita,
jan biro ya yi mata kaca-kaca
kamar takardun yaran da ya koyar shekara arba'in.

Tan goma sha takwas na man zaitun
na kwance cikin tankuna a bayan gidanmu na Kalamata,
banki kuwa bai san uzuri ba.
Wadda nake wa rubutu, Wiebke Harmsen,
tana can Hambag da kantuna shida,
ko fuskata ba ta taɓa gani ba.

Layin farko na ce manmu ya fi na kowa a duniya.
Ya zare tabarau, ya goge da bakin riga.
"Evanthia, in ji wa?
Wane mai talla ne ya taɓa kushe kayansa?
Magabatan da suka yi jawabi a dandali,
tun ginshiƙan can ba su zama kufai ba,
sun san kafin kunne ya karɓi zance
sai an ɗora mai zancen a sikeli.
Gaya mata abin da kike son ɓoyewa."

Na rubuta cewa bara ƙuda ya faɗa gonar gabas,
muka ware rubu'in amfanin,
muka sayar wa masu sabulu, a faɗuwa.
Hannuna na rawa. Na ce, ai wannan tonon asiri ne.
Ya ce jari ne.

Na jero mata lambobi har shafi biyu.
Ya soke, ya soke, ya bar uku:
awa huɗu daga reshe zuwa injin matsa,
ma'aunin tsami da ɗakin gwaji ya buga wa hatimi,
sai farashi, tsirara, ba ado.
"Hujja ba tsakuwa ba ce da za ki juye mata tifa guda.
Uku take iya riƙewa a tafin hannu."

A zubi na biyar na sa hawaye,
na sa bashi, na sa yatsun marigayiya Kaka Fotini
da sanyin Disamba ya lanƙwasa a gindin itatuwa.
Nan ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ja layi a hankali, har kan sunan matarsa.
"Kukanki naki ne.
Ita me ke hana ta barci?"

Na kwana ina tunanin matar da ban sani ba.
Kwalbar da aka dawo da ita kan kanta.
Shelf wayam ana gobe biki.
Sai na rubuta mata wani mutum, cikin masu sayayyarta,
ya buɗe kwalba a watan da rana ke rowa a garinsu,
ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika masa kicin,
mako na zagayowa ya dawo ya tambayi irinta.

Daren Juma'a na kai yatsa zan aika.
Ya riƙe mini wuyan hannu.
"Magana ma 'ya'yan itace ce, tana da ranar nuna.
Talata, da hantsi, bayan ta sha kofi."

Amsa ta zo ran Alhamis, layi biyu rak.
Tan biyar za ta ɗauka, a gwada.
Kuma wane magani muka yi wa ƙudan nan?

Biyar.
Saura sha uku, banki na nan inda yake.
Na fita tsakar gida in karanta masa,
na tarar barci ya sace shi a kujera,
burodi da ɗigon mai a kan cinya,
jan biron na shirin sulluɓewa daga yatsunsa.

Na zare shi a hankali.
Akwai wani mai kanti a Antwaf
wanda bai san da ni ba tukuna.